Manhaja Ko Burauza: Ƙofofi Biyu Na Gidan Caca Ɗaya

Duk wanda ya saba zama a rumfar masu gyaran waya, a Farm Centre ta Kano ko a wata kasuwar waya ta garuruwanmu, da wuya a ce bai taɓa jin irin wannan tambaya ba. Matashi zai miƙo wayarsa, ya sassauta murya, ya ce, "Maigida, wanne ya fi, a ɗora min manhajar ko in ci gaba da shiga ta Chrome?" Ba sai ya ambaci sunanta ba, mai gyara ya riga ya gane. Amsar da zai samu kuwa ta sana'a ce: manhaja ta fi sauri, burauza ba ta cin wuri a waya. A karɓi ɗan abin da za a karɓa, a ɗora masa, kowa ya kama gabansa.

Wannan tambaya ta fi ƙarfin amsar tsaye. Akwai bambanci na gaskiya tsakanin buga caca ta burauza da buga ta ta manhaja, kuma ya kamata iyaye da malamai da su kansu matasan su san shi, domin wanda bai san yadda aka ɗana tarko ba, ba zai iya fitar da wanda ya faɗa ciki ba. Amma tun daga farko ina so mai karatu ya riƙe abu guda: ƙofofin biyu ne, gidan da suke kaiwa ɗaya ne, mai gidan ma ɗaya ne.

Yadda gidan caca ya koma aljihu

A da, caca tana da wurin zamanta. Bayan tasha, cikin kango, ko wani lungu da mutumin kirki ba ya son a ga ƙafarsa. Mai son buga karta sai ya taka ya je, ya zauna da mutane, ya fito da kuɗi a hannu. Unguwa ta san shi, kuma idan aka zo binciken aure, kalmar "ɗan caca ne" kaɗai ta isa ta rushe magana. Wannan kunya da wannan wahalar zuwa katanga ce da ta tsare mutane da yawa.

Katangar ta fara tsagewa ne daga nesa. A 1994 ƙasar Antigwa da Barbuda da ke yankin Karebiyan ta yi dokar da ta ba da damar bai wa kamfanoni lasisin caca ta intanet, kuma kafin a fita daga shekarun 1990 gidajen caca na farko sun buɗe a kwamfuta. A 2008 aka buɗe kasuwannin manhajoji na iPhone da Android. Da wayoyin zamani suka yi araha, data ta wadata, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, sai gidan cacar ya taso daga bayan tasha ya shiga aljihun ɗalibi da ɗan kasuwa da mai Keke Napep da ma'aikacin gwamnati.

A Najeriya, a watan Nuwamba na 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, inda ta ce kula da harkar caca hurumin jihohi ne, kuma dokar tarayya ta 2005 ba ta da iko sai a Babban Birnin Tarayya. A 2024 ɗin ne kuma Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, bisa dokar Shari'a da jihar ke bi tun 2000. Wannan ƙoƙari ne mai kyau, sai dai kwaɗon da aka sa wa shago ba ya rufe wayar da ke ƙarƙashin matashin kai. Wanda aka kora daga shago da rana, da dare ga shi kwance a ɗakinsa, gidan cacar yana tafin hannunsa. Daga nan ne tambayar manhaja da burauza ta samo asali.

Ƙofa ta farko: burauza

Burauza ita ce abin da ake buɗe shafukan intanet da shi, irin su Chrome da Opera Mini da Safari. Mai caca ta wannan hanya yana rubuta adireshin shafin, ya sa sunansa da lambar sirrinsa, ya shiga. Ba ya sauke komai, ba ya cika wa wayarsa ciki, kuma ƙaramar waya ma tana iya ɗauka. Babu wani tambari a fuskar wayar da zai tona masa asiri idan matarsa ko mahaifinsa ya ɗauka. Wannan ɓoyewar ce ta sa masu jin kunyar a gan su suka fi son burauza, kuma ita ce haɗarinta na farko, domin ciwon da aka ɓoye shi ne yake cin mutum har ƙashi.

Haɗari na biyu shi ne shafukan bogi. 'Yan damfara sukan ƙirƙiri shafi mai kama da na wani sanannen kamfani, launi ɗaya, tambari ɗaya, sai harafi guda da aka canza a adireshin. Su yaɗa shi a WhatsApp da Telegram da Facebook da alƙawarin garaɓasa. Wanda ya shiga ya rubuta lambar katinsa na banki da lambobi ukun da ke bayan katin, ya miƙa mukullin asusunsa da hannunsa. Ɗan kwaɗon da wasu burauzoji suke nunawa a gefen adireshi ba shaidar gaskiyar masu shafin ba ne. Abin da yake nufi kawai shi ne saƙon da ke tsakaninka da shafin a rufe yake tafiya, kuma ɓarawo ma yana iya samun wannan kwaɗo a kyauta.

Wasu sun ɗauka idan suka buɗe shafin sirri na burauza, shike nan babu wanda ya sani. Abin da shafin sirri yake yi shi ne ƙin ajiye tarihin inda ka shiga a cikin wayar. Kamfanin cacar ya san ka, ya san lambar wayarka da sa'ar da kake shiga da abin da ka fi bugawa. Bayanin asusunka na banki kuma yana nan da jerin duk kuɗin da ka tura. Sannan da zarar ka ziyarci irin waɗannan shafuka, sai ka ga tallarsu tana bin ka duk inda ka leƙa a intanet, saboda 'yan alamomin da suke bari a burauzarka.

Duk da haka, burauza tana da abu ɗaya da ya kamata a faɗa don adalci: tana da ɗan jinkiri. Sai ka buɗe, ka rubuta, wani lokaci ka sake sa lambar sirri, wani lokaci sabis ya ja ƙafa. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi zuciya tana iya yin magana, mutum ya tuna kuɗin makarantar yara ne, ya fasa. Wannan ɗan jinkirin ne manhaja ta zo ta kawar.

Ƙofa ta biyu: manhaja

Mai hankali ya tambayi kansa: me ya sa kamfanonin caca suke matsa wa mutane su sauke manhajarsu, har suna ba da garaɓasa ta musamman ga wanda ya sauke? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sun kashe kuɗi sun gina ta ne domin sun san wanda ya ɗora ta a wayarsa ya fi yawan dawowa.

Manhaja tana zama a fuskar waya, kusa da manhajar Alƙur'ani da ta banki da WhatsApp. Duk sanda ka buɗe waya don duba lokaci ko amsa kira, idonka zai faɗa kanta. Ba ta tambayar lambar sirri kowane lokaci, zanen yatsa ko fuska ya isa. Katin bankinka yana ajiye a ciki, taɓawa biyu kuɗi sun fita. Tazarar da ke tsakanin sha'awa da aikatawa, wadda a da tafiya ce zuwa bayan tasha, yanzu ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Babban makaminta kuma shi ne saƙonnin da take cillowa ba tare da an neme ta ba. Ka yi kwana uku ba ka shiga ba, ka fara samun natsuwa, sai waya ta yi ƙara: an ba ka juyi kyauta, ko wasan da kake so zai fara, ko garaɓasarka za ta ƙare da tsakar dare. Ba a banza ake zaɓar lokacin turo su ba. Kamfani yana da tarihin duk abin da ka yi, ya san ranar da kuɗi suke shigo maka da irin wasan da yake jan ka. Burauza ma tana iya turo irin waɗannan saƙonni idan ka danna amincewa, amma a manhaja abin ya fi ƙarfi, ya fi naci.

Sai maganar inda ake samo manhajar. Kamfanin Google ba ya barin manhajojin caca da kuɗin gaske su shiga Play Store sai a ƙasashen da ya amince, kuma sai kamfani ya nuna lasisi. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda matasanmu suke amfani da su ba daga can suke fitowa ba. Fayil ne da ake kira APK, wanda ake saukewa daga shafin kamfani, ko aboki ya tura wa aboki ta Xender ko WhatsApp. Kafin ya hau, sai wayar Android ta yi gargaɗi cewa ba ta san asalin wannan abu ba, sai mai waya ya shiga saiti da kansa ya buɗe ƙofar da aka rufe don kare shi. Fayil ɗin da ya bi hannu biyar kafin ya iso gare ka, wa ya san abin da aka cusa a cikinsa?

Manhajar da aka gurɓata tana iya neman izinin karanta saƙonninka, da ganin lambobin mutanenka, da shiga hotunanka. Mutane da yawa suna danna amincewa ba tare da karantawa ba. Wanda ya iya karanta saƙonninka kuwa zai ga lambar tabbatarwa da banki yake turo maka, wadda ita ce katanga ta ƙarshe tsakanin ɓarawo da kuɗinka. Akwai kuma wata damfarar da ta yaɗu: manhajojin da ake sayarwa da sunan suna hasashen inda wasan cacar nan na jirgi zai tsaya, ko suna da sakamakon wasannin da aka riga aka shirya. Ƙarya ce tsagwaronta. Sakamakon yana fitowa ne daga kwamfutocin kamfani, wayarka allo ce kawai da take nuna maka. Wanda yake da sirrin cin miliyoyi ba zai tsaya sayar maka da shi a kan dubu biyar ba.

Idan za a auna biyun a kan sikeli, manhajar da ta fito daga kasuwar manhajoji ta hukuma ta fi tsira daga shafin bogi, amma ta fi kama zuciya. Burauza ta fi barin sarari, amma ta fi buɗe wa 'yan damfara hanya kuma ta fi taimaka wa ɓoyo. Manhajar da aka samo a gefe kuwa ta haɗa sharrin biyun.

Lissafin da ba ya canzawa

Ko ta wace ƙofa ka shiga, asusunka ɗaya ne, wasannin ɗaya ne, kuma lissafin da aka gina su a kai ɗaya ne. Wannan lissafi ba ɓoyayye ba ne, kowa zai iya yin sa.

Ɗauki wasan faifan nan mai juyawa da ake kira rulet. Irin na Turai yana da gurbi 37, daga sifili zuwa 36. Idan ka sa kuɗi a lamba ɗaya ta fito, ana ba ka ninki 35 tare da uwar kuɗinka. To, a ce ka sa naira 100 a kan kowace lamba don kada ka faɗi. Ka kashe naira 3,700. Dole lamba ɗaya ta fito, a ba ka naira 3,600. Ka ci, amma ka yi asarar naira 100. Wannan ita ce ribar mai gida, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka zuba. A irin na Amurka mai gurbi 38, ribar ta haura kashi 5. Babu dabara, babu sa'a, babu laƙani da zai goge wannan gibi, domin a jikin wasan aka gina shi.

Wani zai ce kashi uku ko huɗu ai ba wani abu ba ne. A nan ne saurin waya yake shigowa. A ce kana buga wasan da mai gida yake riƙe kashi 4, kana sa naira 200 a kowane juyi, kowane juyi yana ɗaukar daƙiƙa biyar. A awa ɗaya ka yi juyi 720, wato ka juya naira 144,000, ko da kuwa dubu ashirin ka shigo da ita, domin abin da ka ci shi kake sake mayarwa. Kashi 4 na wannan kuɗi ya kai naira 5,760. Wannan shi ne matsakaicin abin da awa ɗaya take ci. Wata rana za ka tashi da riba, wata rana a share ka tas, amma idan aka tara kwanakin, can lissafin yake komawa. Duk abin da ya ƙara maka sauri ko ya tsawaita zamanka, aljihun mai gida yake yi wa aiki. Shi ya sa santsin manhaja, wanda ake tallatawa a matsayin alheri, shi ne ainihin abin tsoro.

Masu cacar ƙwallo ma ba su tsira ba, musamman masu haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya. A ce ka zaɓi wasa goma, kowanne kana da tabbacin kashi 70 cikin ɗari zai zo yadda ka ce. Damar dukkansu su zo tare ba ta kai uku cikin ɗari ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: "Wasa ɗaya ne ya ɓata min tikiti." Wannan wasa ɗayan ba tsautsayi ba ne, haka lissafin yake, kuma jin cewa saura ƙiris shi ne igiyar da take jawo mutum gobe.

Garaɓasar ma haka take. A ce an ba ka naira 10,000 kyauta, da sharaɗin sai ka juya ta sau 30 kafin ka cire. Ke nan sai ka buga wasan naira 300,000. Idan mai gida yana riƙe kashi 4, ana sa ran ka bar masa naira 12,000 a hanya. Kyautar ta koma inda ta fito, ta tafi da ƙari. Ga shi kuma zuba kuɗi ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma ranar cirewa sai a fara neman katin shaida da hoto da haƙuri. Idan kamfanin na waje ne, mai lasisi daga tsibirin Kurasawo ko wata ƙasa mai nisa, ya riƙe maka kuɗi, wa za ka kai wa ƙara, a wace kotu?

Ciwo ne da likitoci suka sani

Tun tsakiyar ƙarni na 20 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a gwajin da ya yi da tattabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa dabba naci a kan ladan da yake zuwa a kan ƙa'ida. A kan wannan aka gina injinan caca. Wata masaniya, Natasha Dow Schüll, ta shafe shekaru tana bincike a Las Vegas, ta fitar da littafi a 2012 inda ta bayyana yadda ake tsara sauti da haske da saurin injin don mai wasa ya manta da lokaci da kuɗi da kansa. Abin da ta gani a manyan gidajen caca na Amurka, shi aka ƙanƙance aka zuba a wayar da ke hannun 'ya'yanmu.

A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet Public Health ta kafa ya ƙiyasta a 2024 cewa manya kusan miliyan 80 a duniya suna fama da wannan matsala, kuma ya nuna cewa wasannin gidan caca na intanet suna cikin mafiya haɗari.

Alamomin ciwon a bayyane suke ga mai lura. Mutum ya riƙa ƙara yawan kuɗin da yake sawa don ya ji abin da yake ji a da. Ya yi niyyar bari ya kasa. Idan ya faɗi, ya koma don ya fanshe. Ya fara ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi. Ya taɓa jarin shago, ko kuɗin adashi, ko amanar da aka ba shi. Barci ya ƙaurace masa, fushi ya yi yawa, waya ba ta barin hannunsa ko a kan tabarmar cin abinci. Daga nan sai bashi, kuma a waya ɗaya manhajar ba da rance tana jira. Mun ga yadda wasu daga cikin masu ba da irin wannan rance suka riƙa tura saƙon cin mutunci ga 'yan uwa da abokan wanda ya kasa biya, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta fara farautarsu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji ganin lambobin mutane da hotunansu a 2023. Caca ta cinye kuɗi, rance ya cinye mutunci.

Abin lura ne cewa ƙasashen da suka halatta caca su ne suke ta ƙoƙarin rage mata gudu. A Birtaniya an hana yin caca da katin bashi a 2020. A 2021, a injinan caca na intanet, aka hana wasan da yake juya kansa ba tare da an taɓa ba, aka wajabta kada juyi ɗaya ya gaza daƙiƙa biyu da rabi, aka hana yin kiɗan murna idan abin da mutum ya samu bai kai abin da ya sa ba. A 2025 aka ƙayyade fam 5 a kowane juyi na waɗannan injina, fam 2 ga 'yan shekara 18 zuwa 24. Suna kuma da tsarin Gamstop, wanda mutum zai yi rajista sau ɗaya a rufe masa duk shafukan caca masu lasisi. Duk waɗannan dokoki abu ɗaya suke nema, wato dawo da jinkirin da waya ta kawar. Matashinmu da ya sauke fayil daga Telegram ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan kariya.

Mu kuwa hukuncin bai ɓoyu gare mu ba. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an haɗa caca da giya, aka bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. A aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida aka umarci muminai su nisance su, aka kuma faɗi dalili: suna haddasa gaba da ƙiyayya, suna shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Canza mata suna zuwa wasa ko hasashe ko nishaɗi bai canza ta ba, kamar yadda sauya ƙofa bai sauya gidan ba.

Hanyar fita

Ɗan'uwa, idan kana ciki, fara da abin da hannunka zai iya yau. Shiga asusun ka nemi a rufe shi, domin kamfanoni masu lasisi da yawa suna da wurin da mutum zai dakatar da kansa. Cire katin bankinka daga ciki, idan da hali ka je banki a canza maka sabo. Goge manhajar, ka koma saiti ka rufe izinin ɗora manhajojin da ba a san asalinsu ba. A burauza ka goge tarihi da lambobin sirrin da aka ajiye, ka kashe saƙonnin shafukan. Fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba wasanni, ka daina bin masu tallata su a TikTok. Akwai manhajojin toshe shafukan caca, irin su BetBlocker wadda kyauta ce, da Gamban. Ɗora ɗaya, kuma duk wata lambar sirri ta taƙaita waya ka bar ta a hannun wanda ka amince da shi.

Sannan ka yi abin da ya fi wuya: ka faɗa wa wani. Mahaifi, ko yaya, ko matarka, ko limamin unguwa. Ka zauna ka rubuta bashin da ke kanka gaba ɗaya, ka bar wani ya riƙe maka kuɗi na ɗan lokaci. Ka cire rai daga abin da ya tafi, domin neman fanshe asara shi ne ramin da ya fi kowanne zurfi. Idan abin ya fi ƙarfinka, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ka je asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Zuwa wurin likita ba hauka ba ne, neman magani ne.

Iyaye, ku san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yanku, da naku wayoyin da kuke ba su aro. Wayoyin Android suna da Family Link, iPhone tana da Screen Time, duka suna ba da damar hana ɗora manhaja da toshe shafuka. Rashin ganin tambarin caca a fuskar waya ba ya nufin babu komai, ku lura da kuɗi da barci da hali. Idan yaro ya zo ya faɗi gaskiya, kada duka da gori su zama amsa ta farko, domin wanda aka kunyata yau, gobe ɓoyewa zai ƙara.

Masu gyaran waya da masu tura manhajoji, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke ɗora wa yaran mutane. 'Yan wasa da mawaƙa da masu mabiya a kafafen sada zumunta, kuɗin tallar da ake ba ku daga asarar masoyanku ake ciro shi. Malamai su yi bayanin wannan a mumbari da harshen da matasa za su gane, gwamnatocin jihohi kuma, tunda kotu ta ce hurumin nasu ne, su dubi tallace-tallace da hanyoyin biyan kuɗi, kada aikin ya tsaya a rufe shaguna.

Kai kuma matashin da ka miƙa waya kana tambayar wanne ya fi, ga amsarka. Manhaja za ta bi ka har shimfiɗarka, burauza za ta taya ka ɓoye ciwonka, kuma duk wadda ka bi, lissafin yana gefen mai gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karɓi wayarka, ka rufe ƙofofin biyu, ka riƙe guminka ka yi jari da shi. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba waɗanda suka faɗa ciki ikon fita.